Kwaɗo da Mabuɗi: Satar Fasaha da Cinikin Na'urorin Wasan Bidiyo



Na san akwai daga cikinku waɗanda da suka ga kan wannan lacca suka yi murmushi, suka ce a ransu, ashe har wasan yara ya kai a tara manya a zaure a kansa? Ban ga laifinsu ba. Sai dai ina roƙonsu su ara mini kunnuwansu na ɗan lokaci, gama abin da ke ƙarƙashin wasan nan ciniki ne na dubban miliyoyin daloli, kuma tambayar da ke cikinsa tsohuwa ce, wadda ta dami marubucin littafi da mawaƙi da mai shirya fim tun kafin a haifi yawancinmu. Idan mutum ya sha wahala ya ƙago abu, sa'an nan wani ya sami hanyar kwafarsa ba da biyan ko kwabo ba, wa ya yi hasara, kuma hasarar nawa ce? Masu kamfani sukan ce kowane kwafi na sata ciniki ɗaya ne da aka kashe musu. Masu kwafa kuwa sukan ce ba su rage kowa da kome ba. Tarihin na'urorin wasan bidiyo ya ba mu damar auna maganganun nan biyu, domin a nan kayan ciniki iri biyu ne, watau ita na'urar da kuma wasan da ake sa mata, kuma sata ba ta taɓa su ta hanya ɗaya.

Bari mu fara da yadda cinikin yake. Ku ɗauka wani attajiri ya kawo fitilu masu kyau, kowace ta tsaya masa a kan naira dubu goma, amma ya riƙa sayarwa dubu bakwai. Kowa zai ce ya zautu. To, amma idan ya ƙera fitilar yadda ba ta cin kowane kananzir sai nasa, ai ka ga ba hauka yake yi ba, jari ya zuba, zai kuma tsince shi a hankali duk ranar da aka zo awon kananzir. Haka kamfanoni irin su Sony da Microsoft suka daɗe suna yi. Lokacin da PlayStation 3 ta fito a watan Nuwamba na 2006, an sayar da babbar a kan dala 599 a Amurka, alhali wani kamfanin ƙididdiga mai suna iSuppli ya kimanta cewa haɗa kowace ɗaya ya ci wajen dala 840. Inda ake fanshewa shi ne wasanni, domin duk wanda ya shirya wasa don na'urar sai ya nemi lasisi, kuma mai na'ura yana da la'adarsa a kan kowane kwafi da aka sayar. Abin da ke tsare wannan la'ada kuwa shi ne wani kwaɗo da aka dasa cikin na'urar, wanda ke hana ta karɓar wasan da bai zo ta hannun kamfani ba. Satar fasaha ita ce kwafar wasan ba da izini ba. Kutse kuwa shi ne ɓalle kwaɗon. Abu biyu ne, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya.

Shi kansa kwaɗon, ba don ɓarayi aka fara yinsa ba. Na'urar Atari 2600 da ta fito a 1977 ba ta da shi. A 1979 wasu ma'aikatan Atari suka fice suka kafa kamfanin Activision, suka shiga yi wa na'urar wasanni, bayansu kuma kowa ya kutso kai, mai gwaninta da maras ita. Kasuwa ta cika da kaya marasa kyau, masu saye suka gaji, a 1983 cinikin ya rushe a Amurka, har kamfanin Atari ya kwashi kaset-kaset da suka yi kwantai ya binne a bolar garin Alamogordo. Kamfanin Nintendo na Japan ya ɗauki darasi. Da ya kai na'urarsa ta NES Amurka a 1985, sai ya sa wani ɗan guntun lantarki, wanda masu gyara ke kira cif, a cikin na'urar, ya sa ɗan'uwansa a cikin kowane kaset, in ba su gaisa sun gane juna ba wasa ba zai tashi ba. Ta haka Nintendo ya riƙe wuyan kasuwa, shi ke buga kaset, shi kuma ya ƙayyade wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara. Waɗanda suka fara ƙoƙarin ɓalle kwaɗon ma ba yaran unguwa ba ne. Kamfanin Atari Games ne, wanda lauyoyinsa suka karɓo bayanan sirrin daga ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka a 1988 da hujjar da ba ta gaskiya ba, kotu kuma ta ba su rashin gaskiya a 1992.

Zuwan faifai ne ya sauya al'amari. Kwafar kaset sai mai masana'anta, amma faifan CD, da injin bugawa ya yi araha, ɗalibi ma yana iya kwafarsa a ɗakinsa. Sony ya fito da PlayStation ta farko a Disamba 1994, da faifai take aiki. Dabarar tsaron da aka yi mata mai kyau ce: a can farkon faifan an ɓoye wata alama cikin lanƙwasar layin da hasken na'ura ke bi, alamar da injin kwafa na gida ba ya iya bugawa. Amma ba a daɗe ba aka ƙera wani ɗan cif mai araha, a liƙa shi da dalma a cikin na'urar, shi kuwa aikinsa ɗaya ne, ya riƙa gaya mata ƙarya cewa ya ga alamar. Nintendo ya ƙi faifai, ya tsaya a kan kaset a na'urarsa ta Nintendo 64 ta 1996, kuma tsoron sata na cikin dalilansa.

To, ga abin mamaki. Na'urar da ta fi sauƙin sata ita ta yi nasara. PlayStation ta sayu fiye da miliyan 102, Nintendo 64 kuwa wajen miliyan 33. Kada mu yi gaggawar cewa sata ce ta kawo haka. Arahar faifai da faɗin cikinsa su suka ja masu shirya wasanni zuwa Sony, kamar yadda wasan Final Fantasy VII ya koma can a 1997. Amma lissafin Sony da kansa ya nuna an sayar da wasanni na halal wajen miliyan 962 don na'urar, tara da 'yan kai ke nan ga kowace ɗaya. Magajiyarta, PlayStation 2, wadda ita ma ta sha cif a ko'ina cikin duniya, ta wuce miliyan 155, wasanninta na halal kuma suka haura miliyan 1,500. Wanda ya ce sata kashe na'ura take yi, sai ya fara yi mana bayanin waɗannan biyu.

Masu wancan ra'ayi su ma suna da shaidarsu, sunanta Dreamcast. Kamfanin Sega ya fito da ita a Japan a 1998, a Amurka a Satumba 1999. Ya yi mata faifai na musamman, amma ya bar wata 'yar ƙofa don wasu faya-fayan kiɗa masu hotuna da kusan ba wanda ya saya. Ta wannan ƙofa masu kutse suka shiga a tsakiyar 2000. Ba cif, ba dalma, ba kwance na'ura, faifan da aka kwafa kawai za ka sa ya tashi. Sega kuwa a lokacin yana ta karya farashin na'urar daga dala 199 zuwa 149, da fatan ya fanshe a wasanni. A ƙarshen Janairu 2001 ya ba da sanarwar daina ƙera ta, bayan ta sayu wajen miliyan 9, daga nan kuma bai sake yin na'ura irinta ba. A ganina sata ba ita kaɗai ta kayar da Dreamcast ba. Sega ya riga ya jigata da faɗuwar na'urarsa ta baya, Saturn, ga kuma PlayStation 2 ta fito a 2000 tana kunna finafinan DVD. Sata ta zo ta tarar da maras lafiya ne a kwance. Amma fa abin lura a nan shi ne sauƙi. Kutsen da ke bukatar kuɗi da mai gyara da kasadar lalata na'ura, kaɗan ne ke yinsa. Wanda ba ya bukatar kome, har wanda da zai saya ma yana yi.

An sake ganin haka a ƙananan na'urori na hannu. PSP ta Sony, wadda ta fito a ƙarshen 2004, an yi ta ɓalle ta ta hanyoyi barkatai, har a 2007 aka gano cewa batirin da aka ɗan sauya wa bayani yana buɗe ta gaba ɗaya. Na'urar ta sayu sosai, ta wuce miliyan 76, amma wasanninta suka tsaya wajen miliyan 331, watau huɗu da 'yan kai ga kowace na'ura. Gaskiya ne na'urorin hannu ba su cika kamo na gida a yawan wasanni ba, amma wani babban jami'in Sony a Amurka, Peter Dille, ya fito fili a 2009 ya ce sata ta cinye kaso mai tsoka na cinikin wasannin PSP. Ita kuwa Nintendo DS, wani ɗan kati mai suna R4 ne ya addabe ta, a zuba wasanni ɗari a katin memori a zura a ciki. Nintendo da wasu kamfanoni 54 suka kai ƙara, kotun Tokyo ta hana sayar da shi a 2009, babbar kotun Ingila ta bi sahu a 2010.

A nan nake so ɗalibanmu na tattalin arziki su tsaya su yi tunani. Nintendo ya saba sayar da na'urorinsa na hannu da riba, kuma DS ta sayu miliyan 154. Idan uba ya saya wa ɗansa DS saboda ya ji da kati ɗaya za a sami wasanni ba adadi, Nintendo ya ci ribar na'ura, mai katin R4 ya ci tasa, mai kanti ya ci. Wanda aka bari da hamma shi ne ƙaramin kamfanin da ya kwashe shekara biyu yana shirya wasa, ba shi da na'urar sayarwa, ba shi da wata kafar samu sai wasan nan. Shi kuwa idan ya ga haka, ba ƙara yake kaiwa ba, tattara kayansa yake yi ya koma wata na'ura. Daga nan sai sababbin wasanni su yi ƙaranci, wanda ya sayi na'urar da halaliyarsa ya rasa abin bugawa. Wannan hasara ba ta fitowa a lissafin kowa, gama wasan da ba a yi ba, ba a ƙirga shi.

Akwai kuma kutsen da ba ruwansa da satar wasa, amma yana taɓa aljihun kamfani. Xbox ta farko, ta 2001, kwamfuta ce sosai da aka rufe, Microsoft kuma yana faɗuwa a kan kowace. A 2002 wani ɗalibin jami'ar MIT, Andrew Huang, ya tono mabuɗinta, mutane suka riƙa mai da ita kwamfuta mai araha ko akwatin kallon finafinai. Manhajar Kodi da wasu ke amfani da ita a yau daga nan ta samo asali. PlayStation 3 ma, Sony da kansa ya ba da izinin sa mata manhajar Linux, har rundunar sojan saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfutar bincike da su a 2010. Ku duba fa, fitila 1,760 a farashin faɗuwa, ba wanda zai dawo awon kananzir.

Labarin PlayStation 3 ya cancanci mu ɗan dakata a kansa. Ta yi fiye da shekara uku ba wanda ya ɓalle ta, wasu masu kutse kuma sun ce dalili shi ne gwanayensu ba su da bukata, tun da an bar musu ƙofar Linux. A Janairu 2010 wani saurayi Ba'amurke, George Hotz, ya sami wata kafa ta wannan ƙofa. Sony ya tsorata, a Afrilu ya toshe ƙofar ga kowa da kowa, har da waɗanda suka sayi na'urar dominta. Wannan ya harzuƙa gwanayen. A Disamba, a wani taro a Berlin, wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta bayyana wani kuskure mai ban kunya. Kowane wasa na halal yana ɗauke da hatimin Sony, kuma ƙa'idar lissafin hatimin ita ce duk lokacin da za a buga shi a zaɓi sabuwar lamba ta ka-cici-ka-cici. Sony kuwa lamba ɗaya ya yi ta maimaitawa, saboda haka duk mai ilmin lissafi da ya sami hatimi biyu zai iya fitar da mabuɗin. Hotz ya wallafa mabuɗin a Janairu 2011, Sony ya kai shi kotu, suka sasanta a Afrilu. A cikin watan nan kuma aka kutsa rumbun Sony na intanet, aka taɓa bayanan asusu miliyan 77, hidimar ta tsaya kwana 23, kamfanin ya kimanta hasararsa a kan dala miliyan 171. Waɗanda aka toshe wa ƙofar Linux su ma suka kai ƙara, daga baya aka biya su diyya.

Me bincike ya ce? Hukumar Tarayyar Turai ta sa kamfanin Ecorys ya tambayi mutane wajen 30,000 a ƙasashe shida, aka gama rahoton a 2015, bai fito fili ba sai 2017. Bai sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa sata na rage cinikin wasanni ba, har ma alƙalumansa sun karkata ga cewa tana iya ƙara shi, ko da yake giɓin kuskuren lissafin yana da faɗi ƙwarai. A 2024 kuma wani mai bincike a Amurka, William Volckmann, ya duba wasannin kwamfuta masu kwaɗon Denuvo, ya ga cewa idan aka ɓalle kwaɗon tun farkon fitowar wasa, kuɗin shiga kan ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, amma idan kwaɗon ya kai mako 12 bai ɓalle ba, ragin kusan babu. Binciken biyu ba su ƙaryata juna kamar yadda ake zato ba. Wasa kamar tumatir yake, kuɗinsa na cikin ɗanyensa. Masu sana'ar sun daɗe da sanin haka. Waɗanda suka shirya Spyro: Year of the Dragon a 2000 sun cusa masa tarkuna iri-iri, ba da zaton ba za a ɓalle shi ba, burinsu a ɓata wa masu kutse lokaci, kuma da suka sami wajen wata biyu sun ɗauka sun ci nasara.

Bayan lokaci sai wuri. A Rasha, a 1992, wani kamfani mai suna Steepler ya shigo da kwaikwayon na'urar Nintendo da aka ƙera a Taiwan, ya sa mata suna Dendy. Nintendo ba ya ciniki a can a lokacin, don haka ba a ƙwace masa mai saye ko ɗaya ba, kuma a 1994 shi da kansa ya ƙulla yarjejeniya da Steepler don ya sayar masa da kayansa na halal. A Brazil haraji ya sa na'urori tsada ainun, PlayStation 2 mai cif ta zama ta kowa, har 'yan ƙasar suka riƙa gyara wasan ƙwallon Winning Eleven suna sa kulob-kulob ɗinsu, suka kira shi Bomba Patch. Mu ma nan ba baƙin abin ba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Kano ko Kaduna ko Zinder a shekarun 2000 ya ga yara sun yi layi a kan benci, ana buga ƙwallo a PlayStation 2, ya kuma san faifan da ke ciki bai zo ta hannun Sony ba. Wasan da ake sayarwa dala 50 a Amurka a lokacin, da an ce sai an biya wannan kuɗi, da gidan gem ɗin ne ba za a buɗe ba. Amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Masu shirya finafinan Hausa sun ga yadda kwafin sata ya cinye musu kasuwar faifai, a cikin garinsu, a hannun mutanen da suke iya saye kuma da ma suna saye. Yaron gidan gem bai rage Sony da kome ba, amma ɗabi'ar da ya tashi da ita, ta cewa abin da ke kan faifai na Allah ne da Annabi, a kan maƙwabcinsa mai fim ta sauka.

Kamfanoni kuwa sun sauya dabara. Tun da wasa ya koma intanet, hukuncin mai na'urar da aka ɓalle shi ne a kore shi daga dandalin, kamar yadda Microsoft ya yi wa ɗimbin masu Xbox 360 a Nuwamba 2009. Sa'an nan ga doka. Amurka ta haramta ɓalle kwaɗon fasaha tun 1998. Nintendo Switch ta fito a 2017, a 2018 aka gano aibi a cikin cif ɗinta wanda ba ya gyaruwa sai an sake ƙira. Gary Bowser, na ƙungiyar Team Xecuter mai sayar da kayan kutse, an ɗaure shi wata 40 a 2022, aka kuma ɗora masa biyan dala miliyan 14.5. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch a kwamfuta, sun yarda su biya dala miliyan 2.4 su rufe. A cikin ƙarar, Nintendo ya ce an sauke wasan Tears of the Kingdom fiye da sau miliyan ɗaya kafin ranar fitowarsa a Mayu 2023. Wasan nan dai ya sayu miliyan 10 cikin kwana uku, Switch kuma ta wuce miliyan 150. Kowane ɓangare yana ɗaga waɗannan alƙaluma a matsayin hujjarsa.

Ma'aikatanmu su sani cewa maganar ta iso gida, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shigo da hani a kan ɓalle irin wannan kwaɗo. Wanda za a ba aikin zartar da ita zai gamu da mutane iri-iri a ƙarƙashin kalma ɗaya: ɗan kasuwar da ya shigo da kwantena cike da kwafin sata, da mai gyara a bakin kasuwa da ya buɗe na'ura don ya tayar da ita, da ɗalibin injiniya da ke son ya ga yadda cikinta yake. Zai kuma gamu da wani na huɗu. A Maris 2023 Nintendo ya rufe kantinsa na intanet na na'urorin 3DS da Wii U, wasanni masu yawa da ba a taɓa buga su a kaset ko faifai ba suka zama ba inda za a saye su, ko da mutum ya zo da kuɗinsa a hannu. Mai tsohuwar na'ura da ya ɓalle ta a yau don ya buga ɗaya daga cikinsu ya taka doka a ƙasashe da dama, amma akawun kamfanin ba shi da shafin da zai rubuta hasarar a ciki, gama kamfanin ne da kansa ya daina sayarwa.

Shugaba, a nan zan dakata, in ba masu tambaya dama.